Muryar Kaka a Gwangwanin Biskit

Masu bibiyar shafin nan, na ga tambayoyinku. Wata ta ce ko sace min shafin aka yi, wata kuma ta ce ko aure na yi a ɓoye shi ya sa sunan da ke sama ya canza. Babu ko ɗaya. Sunan da kuka san ni da shi ba nawa ba ne ni kaɗai, na Kakata ne, uwar babana, ita ta ba ni shi da bakinta ranar da aka haife ni. To Kaka ta rasu, sunan ya zama pukumani, wato an rufe shi. Mu mutanen tsibirin Tiwi idan namu ya mutu ba ma kiran sunansa, ba ma kallon hotonsa, ba ma jin muryarsa, har sai dangi sun gama makoki sun ce an buɗe, ko da abin zai kai shekara biyu. Duk mai irin sunan sai ya ajiye shi ya nemi wani. Don haka ku kira ni Perpetua. Sunana na biyu ne, tun ranar baftisma ba wanda ya sake furta shi, har yanzu ma sai an yi ta kira kafin in waiwaya.

Don waɗanda suka shigo yau: ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a wata jami'a a birnin Darwin, ƙetaren ruwa daga tsibirinmu, ina karanta abin da Goggo Immaculata take kira digirin ɗaukar hoto. Ainihinsa koyon ba da labari ne da kyamara da sauti da kwamfuta. Mu ba ma zana jarrabawar ƙarshe. Fim guda za ka haɗa ka miƙa kafin wa'adi, a haska shi gaban jama'a, shi ne digirinka. Ni nawa a kan Kaka na yi shi.

Wata guda muka yi a tsibiri lokacin rani muna ɗauka. Kullum da hantsi Kaka za ta fito gindin mangwaro da jan siket ɗinta mai zanen kunkuru, da rigar ƙwallon wani jikanta da ta kai mata har gwiwa, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ta baje kabar bakin teku da ta rina da saiwa, tana saƙa kwando tana waƙar da ta yi wa mijinta, ta tsaya ta zagi karnuka, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ni ina bayan kyamara, Manoli kuma yana tsaye da doguwar sanda a sama, da makirfo mai gashi a bakinta, gumi yana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Manoli ɗan ajinmu ne, Bature Bagirke, a Darwin aka haife shi, babansa magini ne. Shi ne mai ɗaukar min sauti, kuma ba sai na ɓoye muku ba, shi ne mutumin da nake so. Ranar da Goggo ta fara ganinsa ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta dubi sandar.

"Wannan ɗan, magen wa ya kashe ya soke a sanda?"

Tun daga nan sunansa ya koma Mai Mage a gidanmu. Kaka kuwa jininsu ya haɗu. Ta sa aka fasa mata ruɓaɓɓen itacen bakin ruwa, ta zaro tsutsar nan doguwa da muke ci ɗanya, ta miƙa masa. Ya rufe ido ya haɗiye, hawaye ya cika masa ido, ya ce, "Kai, da daɗi!"

"Maƙaryaci ne," in ji Kaka, "amma mai ladabi. Takwara, riƙe shi. In ba kya so ni ina so."

Goggo ba ta yi dariya ba. Ita yayar babana ce, ita ta goya ni tun da mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, ita ta yi ta jelen ofis-ofis har na samu tallafin karatu. Ba a taɓa yin wanda ya kai shekarar ƙarshe a jami'a a gidanmu ba, kuma Goggo ta riga ta sayi yadin da za ta ɗinka na ranar yaye mu. Da na kawo mata zancen Manoli yana so iyayensa su zo gaisuwa, tana tankaɗe gari ta ba ni amsa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Fara kawo min takardar digiri, sannan mu ji zancen Mai Mage. Ban ce mugu ba ne. Irinsu suna da kirki, sai dai in ka ce musu bari, su a kunnensu taimake ni ka ce."

A raina na ce, tsufa ne kawai da kishin 'ya. Na murguɗa baki a bayanta na wuce.

Ranar da abin ya faru ina ɗakin tace finafinai na sashenmu, wanda sanyinsa yake sa mu zuwa da rigar sanyi a garin da kwalta take narkewa. Ina gyara wata dariyar Kaka ne, in mayar baya in saurara, in datse kaɗan in sake mayarwa, Manoli yana gefe da abin ji a kunne. Wayata ta yi ƙara a kan tebur.

"Ki taho gida," in ji Goggo. "Tsohuwa ta tafi."

Tsohuwa ta ce. Ko mama ba ta ce ba, balle suna. A nan na gane da gaske ne. Na ɗaga kai, ga Kaka a kan allon kwamfuta inda na tsayar da ita, baki buɗe, haƙorinta guda ɗaya a waje, tana tsakiyar dariya. Na kasa kuka, na kasa ɗauke ido. Manoli ne ya miƙa hannu ya kashe allon, ya zare 'yar ma'ajiyar da fim ɗin yake ciki, baƙa mai girman sabulu, ya sa min a jaka. Shi ya kai ni bakin jirgin ruwa washegari, ya saya min ruwa da burodin da ban ci ba.

Na tarar an zagaye gidan Kaka da jan ƙyalle, ba mai shiga sai an turara shi da hayaƙin ɗanyen ganye. Dangi sun kafa rumfunan tamfol a filin gabansa, mata suna kuka suna hutawa suna sake ɗauka, shayi yana tafasa a gwangwani ba dare ba rana. A falon Goggo an sauke hotuna, sai shatinsu fari-fari a jikin bango. Har wanda muka ɗauka ni da Kaka ranar da na gama sakandare babu shi. Babana Bede yana zaune a kan jarka a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya buɗe baki zai kira ni, ya tuna, ya rufe bakin. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Goggo ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa. Tana sanye da baƙin siket da farar riga mai dogon hannu, idonta ya kumbura amma muryarta ƙalau.

"Ina abin?"

"Wane abu, Goggo?"

"Kada ki maida ni yarinya. Abin da kuka zuba uwata a ciki."

Na ciro ma'ajiyar na miƙa mata. Ta karɓa da gefen zani kamar mai ɗaukar murfin tukunya mai zafi, ta janyo tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, wanda take ajiye zare da allura da katin asibiti da duk wani abin da ba ta so a taɓa. Ta sa ta a ciki ta danne murfin da tafin hannu.

"Nan za ta zauna har a buɗe. Ba mai gani, ba mai ji. Shi ke nan, ko akwai wani?"

To ku ji. Darasin farko da Malama Fenwick ta koya mana a shekarar farko shi ne kada ka taɓa ajiye aikinka a wuri ɗaya. Kwafi biyu, a hannun mutum biyu, ko da girgizar ƙasa ake yi. Wanda aka kama da kwafi ɗaya a ajinmu sai ya sha zolaya har ƙarshen zango. Nawa na biyu yana hannun Manoli. Na sani sarai, ba mantuwa na yi ba. Na dubi kumburarrun idanun nan, na ji ba zan iya ƙara mata wani nauyi ba.

"Babu, Goggo."

Sabis a gidanmu sai an fita bayan tankin ruwa. Can na tsaya da la'asar saƙonni suka yi ta shigowa. Na Malama Fenwick ne a sama:

"Ina yi miki ta'aziyya. Na san al'adar, ba zan matsa miki ba. Amma wa'adin ranar Alhamis ba a hannuna yake ba. Ko dai ki cire ta daga fim ɗin, ko iyali su yarda mu sa gargaɗi a farko kamar yadda gidajen talabijin suke yi, ko ki dawo baɗi ki yi sabo."

In cire ta? In na cire Kaka me ya rage, mangwaro da karnuka? Baɗi kuwa faɗa ce kawai, tallafin karatuna da wannan shekarar yake ƙarewa. Ni na san in Alhamis ta wuce ban miƙa ba, kantin tsibiri zan koma in tsaya bayan kanta ina ƙirga wa mutane gwangwanin kifi, shekara ukun nan sun bi ruwa.

Sai na Manoli, ya fara da sunana na da. Na yi sauri na rufe fuskar wayar da hannu kamar wani yana leƙe.

"Kada ka sake rubuta sunan nan," na tura masa.

"Yi haƙuri, Darakta. Na manta. Kin ci abinci?"

"A'a."

"Akwai abin da nake so ki ji. Ina share sautin ranar ƙarshe na ci karo da shi. Kin tafi ɗauko batir, ni ban kashe ba, ita kuma ta yi magana. A lokacin na ɗauka wasa take."

"Muryarta ce?"

"E."

"To ba zan ji ba."

"Saboda ke ta yi maganar."

Ya turo duk da haka. Saƙon murya ɗan ƙarami, yana zaune a wayata yana kallona. Kwana biyu ina yawo da shi a aljihun siket, ina raba shayi, ina wanke kofuna, ina amsa sunan da ban saba da shi ba. Duk wadda ta rungume ni sai in ji kamar za ta ji shi ta cikin aljihu. Ran Laraba da rana tsaka, lokacin da zafi ya kwantar da kowa a rumfa, na zame na bi ta bayan coci na gangara bakin teku. Ruwa ya janye, sai laka da ƙananan ƙaguwa suna gudu. Na zauna a kan wata saiwa na sa iyafis. Na danna saƙon.

Iska ta fara shigowa, da haushin kare daga nesa. Sai ga ta, da Turancin nan nata na makarantar mishan, kusa da kunnena kamar ta jingino da kafaɗata.

"Kai saurayina, magen nan tana ji har yanzu? To ta buɗe kunne. Ni na kusa. Na san 'yata Immaculata, ranar da na rufe ido za ta kulle ni a gwangwanin nan nata tare da zare da allura. Ka ce wa takwarata ban yarda ba. Wata guda ina gasuwa a gindin mangwaro don a gan ni ne, ba don a ɓoye ni ba. A haska ni babba, 'yan birni su ga haƙorin nan nawa guda." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "To kashe abin nan ka miƙo min shayina."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da na kasa yi tun daga Darwin. Na kifa kai a gwiwa na yi shi har muryata ta dushe. Ban san sau nawa na mayar da shi ba. Da na tashi kuwa tsoro ne ya kama ni, na yi ta waige a hanya har na shiga gida, don tun muna yara ake gaya mana wanda ya mutu in ya ji ana kiransa yakan juyo.

Amma na samu hujja, ko ba haka ba? Mai murya da kanta ta ba da izini. Abin da ban yi tunani ba shi ne, izinin yana cikin muryar da ba wanda zai yarda ya saurara.

Na samu Goggo a kan kekenta na ɗinki tana haɗa mana siket ɗin ankon jana'iza, shuɗi mai farin zanen tsuntsu. Na durƙusa a gefen keken.

"Goggo, Tsohuwa ta bar wasiyya a kan fim ɗin. Ta ce a nuna."

Ƙafarta ba ta daina taka keken ba. "Wa ta gaya wa?"

"Manoli."

"Mai Mage ne zai ba ni shaida a kan uwata?"

"Ba bakinsa ba ne, an ɗauka. Da muryarta."

Keken ya tsaya. Ta cire tabarau ta ajiye a kan yadin, ta juyo gaba ɗaya.

"Kin saurara ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Abin yana gwangwanina, murfin ko motsi bai yi ba. To a ina kika ji?" Ba ta jira amsa ba. "Kin dubi idona kin ce min babu wani."

Na ɗauka mari zan sha, da ma shi ta yi da ya fi min sauƙi. Sai ta kama murza bakin yadin da yatsa, da ta sake magana kuma muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Uwata ta faɗi abubuwa da yawa a duniya. Ta ce a binne ta da rediyonta, ta ce kada fadan coci ya yi dogon wa'azi. Rufewar nan ba tata ba ce ita kaɗai da za ta yafe. Ta ubanki ce, ta ƙannenta ce da suke zaune a rumfa, tawa ce. Tafiya ce a gabanta, in ta ji ana kiranta za ta juyo, kuma wanda ya juyo ba ya komawa shi kaɗai. Kina tsammani ni ba na son jin muryarta? Ɗazun nan na ɗauki waya zan kira ta in tambaye ta inda ta ajiye min almakashi. Saƙonnin muryarta cike suke a wayata, duk na faɗa ne. Na kasa gogewa, sai da na miƙa wa Bede ya goge su, na juya baya."

"Goggo, digirina ne. Gobe ne wa'adin."

"Na sani. Ni na sayi yadin." Ta share ido da bayan hannu ta mayar da tabaran. "Ban iya karatu ba, amma na iya haƙuri, shi kaɗai zan iya koya miki. Abin da kika ji a bakin teku ya tsaya tsakanina da ke. Ki ce wa yaron nan ya rufe nasa kwafin. Sau biyu ke nan ina ba ki amana, 'yar nan."

Na daɗe a bayan tankin ruwa ina rubutawa ina gogewa. Ina jin haushin Goggo, ina jin haushin Kaka da ta tafi ta bar ni a tsakiya, ina jin haushin kaina da na zaɓi karatun da duk aikinsa shi ne hana murya mutuwa. Amma fuskar Goggo a kan keken nan ta ƙi barin idona. Na tura:

"Kada ka miƙa. Na haƙura."

"Shekara uku fa, Darakta."

"Na sani. Kada ka miƙa."

"Ita da kanta ta ce a nuna. Kin ji da kunnenki."

"Ba ni kaɗai ta bari ba. Manoli, na roƙe ka, bari."

Wayar ta nuna min ya gani. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Bai turo komai ba. Na ce a raina fushi yake yi, zai huce, na kashe wayar na koma wanke kofuna. Alhamis ta zo ta wuce, na kwanta da sanin cewa ni ba ɗaliba ba ce kuma.

Ran Juma'a aka yi jana'iza. Tun da safe muka sa anko, aka yi addu'a a coci, fada ya yi dogon wa'azinsa, aka dawo da akwatin gawar zuwa rumfa. Aka dama farar ƙasa da ja da rawaya a ƙwarya. Duk wanda yake na jini sai an shafa masa a fuska, don in mamaciya ta waiwayo kada ta gane nata ta ja shi. Goggo da kanta ta yi min nawa. Ta riƙe haɓata da hannu ɗaya tana ja min layi a goshi da kumatu, ƙasar da sanyi, yatsunta da ɗumi. Da ta gama ta ɗan daki kumatuna a hankali kamar yadda take yi in zan tafi makaranta ina ƙarama.

Maza suka fara tafi da waƙa, aka yi ta fitowa rawa, kowa da irin tasa gwargwadon abin da yake ga mamaciya, 'ya'ya daban, jikoki daban. Na yi tawa, ƙura ta tashi har gwiwa. Sannan aka yi tsit, masu ɗaukar akwati suka matso suka sunkuya.

A cikin shirun nan ne Kaka ta yi dariya.

Ita ce, dariyar nan da nake datsewa a ɗakin sanyi. Daga hannun wata 'yar kawuna ta fito, wadda ta ga sanarwa ta faɗo a wayarta ta taɓa ba tare da ta san mene ne ba. Ta ƙwalla ƙara ta yar da wayar a ƙasa, wayar kuma ba ta yi shiru ba. Kafin a ankara wata ta ɗauka a bayan rumfa, wata kuma a wajen motoci, don duk wanda ya ciro tasa ya duba abin da ke faruwa, bidiyon da kansa yake tashi.

Nan take na gane. Al'adar sashenmu ce, washegarin wa'adi sukan sa ɗanɗanon minti guda na kowane fim da aka miƙa a shafinsu, da sunan mai shi. Ni ce kuma tun farkon shekara na bi gida-gida a tsibirin nan ina karɓar wayoyin mutane ina sa su bin shafin, don kada nawa ya wuce su. Ga shi bai wuce kowa ba. Daga inda nake tsaye ina hango wayar a cikin ƙura: jan siket, tabarau mai zare, da sunan da aka rufe a rubuce da fararen haruffa har sau biyu, nata a sama, nawa a ƙasa.

Mata suka toshe kunne suna kururuwa, wasu suka kwashi 'ya'yansu suka yi bayan coci. Ƙanwar Kaka, tsohuwa tukuf, ta faɗi tana birgima. Masu akwati suka ja da baya suka bar shi a ƙasa. Babana ya zauna daɓas a cikin ƙura ya rufe kansa da hannu biyu. Kaka kuwa ta gama dariya ta kama waƙar mijinta, tana fitowa ta kusurwa uku, wata tana gaba wata tana binta.

Mutum ɗaya ce ba ta toshe kunne ba. Goggo tana tsaye inda take, hannuwanta a sake, ta ɗan karkata kai wajen wayar. Hawaye yana yanka farar ƙasar fuskarta yana sauka a wuyan riga. Leɓenta yana motsi, na lura bin waƙar take yi. Ta saurara har minti ɗayan nan ya ƙare, har wurin da Kaka take cewa da karnuka su tafi su ba ta wuri. Sannan ta taka ta ɗauki bokitin ruwan da aka dama ƙasa da shi, ta kawo ta dire a gabana. Kowa ya zuba mana ido.

"Goggo, na hana shi. Na rantse na hana shi, ga saƙon a..."

"Wanke fuskarki."

"Goggo..."

"Ke kika kira ta, ta kuma zo. To bari ta gane ki. Wanke."

Na durƙusa na sa hannu a ruwan na wanke layukan da ta ja min ɗazu da yatsunta. Da na ɗago, jikokin da muka yi rawa tare sun ja baya sun bar ni ni kaɗai a tsakiyar fili, fuskata tsirara tana ɗigar ruwa.

Ban san lokacin da na ciro waya na kunna ta ba. Saƙo ɗaya ne, tun da safe ya turo shi:

"Na miƙa jiya. Kin gama digiri, Darakta. Na san za ki yi fushi, amma wasiyyarta ce kuma ni ta ba wa. Ina cikin jirgin safe, na taho da lasifika. Zan kunna musu su ji da kunnensu, za ki ga komai ya wuce."

Ina cikin karantawa jirgin ya busa ƙaho daga mashigi. Duk filin aka juya. Yayyena maza uku, da fenti a fuska, suka dubi juna, suka dubi wayar da ke hannuna, ba wanda ya tambaye ni komai. Suka kama hanyar bakin ruwa, ba gudu suke yi ba, tafiya kawai suke yi kafaɗa da kafaɗa.

A bayana aka sake sunkuyawa za a ɗaga Kaka zuwa makabarta, kuma in ban bi yanzu ba, ba za a jira ni ba. A gabana ga hanyar bakin ruwa, ga Manoli can a saman jirgi da jakarsa a kafaɗa, yana ɗago min hannu.